Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Yadda Garuruwan Jihar Agadas Ke Tsara Aiki Tare

A farkon watan Satumba na shekarar 2009, an yi ruwan sama mai ƙarfi a kan duwatsun Abzin. Ruwan ya taru, ya gangaro cikin ƙoramar Telwa. Da dare ya fasa ganuwar da aka yi domin kare birnin Agadas, ya shiga cikin unguwanni. Gidajen ƙasa dubbai suka rushe. Makarantu suka lalace. Dabbobi suka halaka. A ƙasar Dabaga da Tabelot da Cirozerin, ruwa ya kwashe garake, ya cike rijiyoyi da yashi.

Yawancin ruwan da ya yi wannan ɓarna ba a cikin birni ya sauka ba. Can sama ya sauka, a ƙasar wasu garuruwa. Mutanen Agadas ba su iya tare shi su kaɗai. Mutanen Dabaga ma ba su iyawa su kaɗai. Ruwa bai san iyakar gari ba. Hanya ma haka take, ciyawa ma haka, cuta ma haka.

Shi ya sa ake maganar tsarin raya jiha. Ma'anarsa ita ce garuruwan da ke maƙwabtaka su zauna wuri ɗaya, su duba abin da ya haɗa su, su shirya aiki tare tun kafin wahala ta zo.

JIHAR AGADAS DA GARURUWANTA

Jihar Agadas ta fi kowace jiha girma a Nijar. Ita kaɗai ta fi rabin ƙasar. Amma mutanenta kaɗan ne. A ƙidayar 2012 an samu mutum kusan dubu 490 a jihar duka. Fiye da dubu 118 daga cikinsu suna zaune a Agadas.

An raba jihar gunduma 6: Cirozerin, Arlit, Bilma, Ingal, Iferwan da Adarbisinat. Uku na ƙarshe a 2011 aka ɗaga su suka zama gunduma. A ƙarƙashin gundumomi akwai ƙananan hukumomi, waɗanda ake kira komin. Komin 15 ne a jihar. Guda 4 na birni ne: Agadas, Arlit, Cirozerin da Bilma. Guda 11 na karkara ne: Dabaga, Tabelot, Timiya, Iferwan, Gugaram, Danet, Ingal, Adarbisinat, Fashi, Dirku da Jado.

Tsakanin garuruwan nan akwai nisa. Daga Agadas zuwa Arlit kilomita 240 ne. Zuwa Ingal wajen kilomita 160. Zuwa Bilma wajen kilomita 600, kuma yawancin hanyar rairayin Tenere ne. Ruwan sama ba shi da yawa. A Agadas, yawancin shekaru ba ya kai milimita 200. A Bilma ana iya shekara ba a ga ruwan kirki ba.

Harsuna ma suna da yawa. Akwai Tamashek, akwai Hausa, akwai Fillanci, akwai Barbarci da Tubanci a Kawar, akwai Larabci, akwai Tasawak a Ingal. A kasuwa, Hausa ce ta fi haɗa jama'a.

KOWANE GARI DA ARZIKINSA

Babu garin da Allah ya ba komai. Kowanne da abin da yake da shi, da kuma abin da ya rasa.

Tabelot da Dabaga da kwarurukan Abzin suna da garake. Ana noman albasa, da tafarnuwa, da tumatir, da alkama, da masara. A kan dutsen Bagzan ana noman dankalin turawa. Timiya ta yi suna wajen lemu da rumman. Amma mai garka ba ya cinye albasarsa. Sai ya kai ta Agadas, inda manyan motoci ke ɗaukar ta zuwa kudu, har ƙasashen bakin teku kamar Gana da Kodibuwa. Albasar Abzin tana nuna bayan damina, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci a kasuwa. Wannan ne ke sa ta yi daraja. To, in hanya ta lalace, mota ta makara, albasa sai ta ruɓe cikin buhu.

Ingal da Adarbisinat suna da makiyaya. Daga nan raƙuma da shanu da awaki ke fitowa, da nono da cuku. Tegidda, arewa da Ingal, tana da gishiri. Bilma da Fashi suna da gishiri da dabino, amma ba su da gero. Arlit tana da uraniyom, amma abincinta daga waje yake zuwa. Cirozerin tana da gawayin ƙasa. Agadas kuwa ita ce mahaɗa. Nan babbar kasuwa take, da babban asibiti, da filin jirgin sama, da jami'ar da aka kafa a 2014.

Wanda ya duba wannan da kyau zai gane abu ɗaya. Cinikin Agadas daga ƙauyuka yake zuwa. Kuɗin ƙauyuka kuma daga Agadas da Arlit yake zuwa. In ɗaya ya faɗi, sauran za su ji a jikinsu.

HAƊIN KAI BA BAƘON ABU BA NE

Kakanni sun san wannan tun kafin zuwan Nasara. Ayarin gishiri shi ne shaida.

Bayan damina, wajen watan Oktoba, Abzinawa kan tara raƙumansu. Su ɗaure gero, da cuku, da busasshen tumatir, da ciyawar da raƙuma za su ci a hanya, domin Tenere ba ta da kiwo. Madugu ya shige gaba. Su ratsa rairayi zuwa Fashi da Bilma. A can su ba da gero, su karɓi kantun gishiri da dabino. Su dawo Abzin su huta. Daga nan su gangara kudu, zuwa Damargu da Damagaram, har Kano. Su sayar da gishiri, su sayi gero da tufafi. Raƙumansu su ci karan gonakin da aka girbe, su bar wa manomi taki. A farkon ƙarni na 20 akwai shekarar da aka ƙidaya raƙuma wajen dubu 20 a wannan tafiya.

Aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai da tsari. Sai an san ranar tashi. Sai an san rijiyar da za a sha. Sai an san wanda zai raba gardama. Tun wajen shekarar 1405 ƙabilun Abzinawa suka naɗa sarki domin ya riƙa sasanta su. Cikin wannan ƙarni aka mai da fadarsa Agadas. Babban aikin Sarkin Abzin shi ne kiyaye zaman lafiya tsakanin ƙabilu, domin hanya ta zauna a buɗe. Yana da hakimi mai suna Sarkin Turawa, wanda ke kula da fatake da harkar ciniki.

Yau motoci sun karɓe yawancin kayan. Ayari ya ragu ƙwarai. Amma darasinsa bai tsufa ba. Mutumin Bilma da mutumin Timiya da mutumin Damargu ba su da harshe ɗaya, amma sun san cewa abincin kowannensu yana hannun ɗan'uwansa.

ZAMANIN URANIYOM

A 1957 aka fara gano uraniyom a Azelik, a ƙasar Ingal. Bayan haka aka gano mai yawa a arewa. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, aka gina garin Arlit a fili inda babu gari a da. A 1971 aka fara haƙa. A 1974 aka kafa kamfani na biyu, COMINAK, aka gina Akokan kusa da Arlit. Shi kuma ya fara aiki a 1978.

Ma'adinin ba ya iya aiki shi kaɗai. Yana bukatar wuta, yana bukatar hanya. Saboda haka a 1975 aka kafa SONICHAR domin haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren, kusa da Cirozerin. Daga 1981 aka fara ƙona gawayin ana samar da wutar lantarki. Wayar wuta ta tafi Arlit da Akokan, ta zo Agadas da Cirozerin. Tsakanin 1976 da 1980 kuma aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas har Arlit, fiye da kilomita 600. Ita ake kira hanyar uraniyom.

Wannan babban tsari ne, kuma ya haɗa garuruwa. Fitilar da ke ci a Agadas, gawayin Cirozerin ne. Motar albasa da ke tafiya kudu, hanyar uraniyom take bi. Amma tsarin yana da rauni biyu. Na farko, daga sama aka yi shi, domin ma'adini, ba domin ƙauyuka ba. Garuruwan cikin dutse da na Kawar ba su samu kwalta ba. Na biyu, an gina hanya amma gyaranta bai tafi daidai ba. Da shekaru suka yi nisa ta farfashe, tafiyar da ake yi cikin ƴan sa'o'i ta koma ta wuni guda.

Kuma ma'adini yana ƙarewa. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK. Ma'aikata wajen 600 suka bar aiki, ban da masu ƴan kwangila. Ba Akokan kaɗai ta ji wannan ba. Mai garka da ke kai tumatir Arlit ya ji. Makiyayin da ke kai raguna ya ji. Mai mota ya ji. A 2025 gwamnati ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa. Amma ko a hannun wa yake, ramin ma'adini ba ya haihuwa. Dole jiha ta shirya abin da za ta ci bayansa: garka, kiwo, gishiri, sana'ar hannu da ciniki.

DAGA SAMARIYA ZUWA KOMIN

A 1964 aka raba Nijar gida 7, Agadas na ɗaya daga ciki. A lokacin, daga Yamai ake yanke shawarar kusan kowane aiki.

Bayan farin 1973 da 1974, Seyni Kunce ya hau mulki. Gwamnatinsa ta dogara da samariya da ƙungiyoyin manoma da makiyaya. Aka kafa majalisun raya ƙasa hawa-hawa, daga ƙauye zuwa jiha, har majalisar ƙasa da aka buɗe a 1983. Dattawa da yawa suna tuna aikin gayya na wancan zamani: gyaran hanya, haƙar rijiya, ginin aji.

Daga 1990 aka yi tawaye a arewa. Cikin kukan da aka yi har da cewa arzikin jiha yana fita, mutanenta ba su da ta cewa. Ranar 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu a Yamai. Cikin abin da aka amince da shi akwai bai wa jama'a ikon tafiyar da harkokin yankinsu. A watan Satumba na 2000 aka ƙona makamai a Agadas, a gaban jama'a.

A watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen komin a ƙasa duka. Kowane komin ya samu majalisa da magajin gari. A 2010 aka fitar da dokar ƙananan hukumomi, wadda ta yarda komin biyu ko fiye su haɗa kai su yi aiki ɗaya. A watan Janairu na 2011 aka zaɓi majalisun jiha. Mohamed Anako, ɗaya daga cikin shugabannin tawayen da suka ajiye makamai, shi ya fara shugabantar majalisar jihar Agadas. Majalisar ta rubuta tsarin raya jiha na shekara 5, daga 2016 zuwa 2020.

Bayan sojoji sun karɓi mulki a watan Yuli na 2023, an rushe majalisun komin da na jiha a watan Afrilu na 2024. Gwamnati ta naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Shugabanni sun canja, amma komin suna nan da iyakokinsu. Ƙorama tana nan, hanya tana nan, bukatar haɗin kai ma tana nan.

YADDA AKE YIN TSARI

Tsari ba wani abin tsoro ba ne. Kowane maigida yana yin sa. Bayan girbi yakan duba rumbu, ya ƙidaya bakunan da zai ciyar, ya ware iri, ya ware na sayarwa. Haka komin ke yi, haka jiha ke yi. Ga matakan:

1. A ƙidaya abin da ake da shi: mutane, dabbobi, rijiyoyi, garake, makarantu, gidajen likita, kasuwanni.

2. A zana taswira. A nuna inda ƙorama ke bi, inda burtali yake, inda ruwa ke kwanciya, inda gari zai faɗaɗa.

3. A saurari jama'a ƙauye-ƙauye da zango-zango: maza da mata, matasa da dattawa, masu garka da makiyaya.

4. A jera bukatu. A san wadda za a fara da wadda za ta jira, domin kuɗi ba su isa a yi duka lokaci ɗaya.

5. A ware aikin da komin ɗaya zai iya, da wanda sai an haɗu da maƙwabta.

6. A rubuta kuɗin kowane aiki, da wanda zai biya, da wanda zai kula da shi bayan an gama.

7. Kowace shekara a zauna a duba abin da aka yi da abin da ba a yi ba.

Mataki na biyar shi ne zuciyar maganar. Aji ɗaya ko rijiya ɗaya aikin komin ɗaya ne. Amma hanyar da ta ratsa komin uku ba ta da amfani in ɗaya ya gyara nasa, biyu suka bari. Babban asibiti kuma ba a gina shi a kowane gari. Ƙaramin gidan likita a ƙauye, asibiti a gunduma, babba a Agadas. Abin da zai haɗa su shi ne hanya mai kyau da motar ɗaukar marar lafiya. Macen da haihuwa ta zo mata da gardama a cikin dutse, ranta yana rataye da wannan tsari.

MISALIN ƘORAMAR TELWA

Telwa tana tasowa daga duwatsun Abzin. Tana ratsa ƙasar Dabaga, ta biyo ta Azel, ta wuce ta arewacin Agadas, ta malala yamma cikin filin Igazar, inda makiyaya ke kiwo. Yawancin shekara a bushe take. Da damina takan kawo ruwa ƴan kwanaki.

Amfaninta ba ruwan da ake gani ba ne kawai. In ta kawo, wani kashi na ruwan yana nutsewa cikin yashi, ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa. Shi ne ruwan da rijiyoyin garake ke sha har shekara ta zagayo. Wato mutanen bakin Telwa duka daga randa ɗaya suke sha.

A da, da raƙumi ko sa ake jan ruwa a garka. Dabba tana gajiya, ruwan da ake ja yana da iyaka. Yanzu injin ban-ruwa ya yawaita. Garake sun ƙaru, amfanin gona ya ƙaru, wannan alheri ne. Amma in na sama ya ja fiye da kima, rijiyar na ƙasa sai ta janye. In na sama ya sare itatuwan bakin ƙorama, ruwa sai ya ƙara gudu, ya ci gaɓa, ya isa birni da ƙarfi. In na birni ya yi gini a kan hanyar ruwa, ranar da ƙorama ta cika gidansa ne hanyarta.

Akwai magani, kuma an gwada shi a kwaruruka da yawa na Abzin da na Adar. Ana gina ƙananan madatsai na dutse da siminti a gicciye cikin ƙorama. Ba su tsayar da ruwa ɗungum. Suna rage masa gudu, su baza shi, ya samu lokacin nutsewa. Ana ɗaure duwatsu cikin ragar waya a jera su a gaɓa domin kare garake. Ana jera duwatsu a gangaren tudu. Ana dasa itatuwa.

To, wa zai biya? Madatsar da aka gina a ƙasar Dabaga, mutumin Agadas ma yana cin amfaninta. Bai kamata a bar wa Dabaga nauyin ita kaɗai ba. Haka kuma in an tare ruwa da yawa a sama, ciyawar Igazar za ta ragu, makiyayi ya cutu. Saboda haka dole mai garka da ɗan birni da makiyayi su zauna a tabarma ɗaya. Kuma dole a shirya yadda na sama zai yi wa na ƙasa waya da zarar ƙorama ta taso, ko da tsakar dare ne. Sa'a ɗaya ta gargaɗi tana tsirar da rayuka. Rigakafi ya fi magani.

MAKIYAYI DA IYAKAR KOMIN

Kowace shekara, da damina, garkunan dabbobi suna hawowa daga kudu zuwa ƙasar Ingal domin ciyawa da ruwa masu gishiri. A watan Satumba ake babban taron makiyaya a Ingal. Abzinawa da Fulani da Larabawa suna haɗuwa. Ana yi wa dabbobi allura, ana ciniki, ana sada zumunci.

Dabbar da ta iso Ingal ta ratsa komin da yawa, wata ma daga jihar Tawa ko Damagaram ko Maraɗi ta fito. In komin ɗaya ya bari aka toshe burtali, tafiyar duka ta ɓaci. In rijiyoyi suka taru wuri ɗaya, dabbobi za su cinye ciyawar wurin har ƙasa ta mutu, alhali wani wuri ciyawa na bushewa babu mai ci saboda rashin ruwa. In aka yi allura a nan ba a yi a can ba, cuta za ta dawo.

Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka fi sani da kofo, daga ƙauye har gunduma. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar cewa yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Amma doka a takarda take. Sai komin da ke jere a kan burtali ɗaya sun yi shawara tare take aiki.

KOMIN HUƊU DA SUKA HAƊA KAI

A 1988 gwamnati ta keɓe wani babban yanki na Abzin da Tenere domin kare namun daji da itatuwa. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. A cikinsa akwai barewa da ragon dutse, akwai kuma mutane da garake da dabbobinsu.

Yankin ya shafi komin 4: Iferwan, Timiya, Gugaram da Tabelot. Matsalarsu iri ɗaya ce. Ana saran itace ana kai wa birane. Ana kwasar ciyawa a mota. Ana farauta ba bisa doka ba. In komin ɗaya ya hana, mai saran itace sai ya koma na kusa. Da suka ga haka, bayan an kafa komin, sai su huɗun suka kafa ƙungiya ɗaya ta kula da arzikin daji, domin su yi magana da baki ɗaya, su yi aiki tare da ma'aikatan gandun daji. Matsalar ba ta ƙare ba. Amma an ga cewa komin maƙwabta suna iya zama, su sa hannu a takarda ɗaya. Abin da aka yi domin daji ana iya yin sa domin ƙorama, ko hanya, ko kasuwar albasa.

INA KUƊIN ZA SU FITO?

Komin yana samun kuɗi daga haraji, da kuɗin kasuwa, da na tasha, da taimakon gwamnati. Akwai kuma rabon ma'adini. Dokar 2006 ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke karɓa daga ma'adini a mai da su yankin da aka haƙo shi. Wato cikin kowace jika 100, jika 15 ta yankin ce. Ba garin da ramin yake kaɗai ke da rabo ba, komin na jihar ne ke rabawa. Sau da yawa kuɗin nan sun makara kafin su iso. Komin 15 in suka nemi haƙƙinsu tare, an fi jin su bisa ga kowanne ya tafi shi kaɗai.

Haɗin kai kuma yana rage tsada. Komin ɗaya na karkara ba ya iya sayen injin gyaran hanya. Uku ko huɗu suna iyawa, su riƙa karɓa-karɓa.

ABUBUWAN DA KE KAWO CIKAS

Na farko nisa. Wakilin Jado ko Bilma yana kwanaki a hanya kafin ya zo taro. Na biyu son kai. Kowane gari yana so a yi kasuwa ko asibiti a ƙofarsa. Na uku rashin zaman lafiya. Tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, sun tsayar da ayyuka, sun kori baƙi masu yawon buɗe ido, maƙera da dukawa da masu jagora suka rasa ciniki. Na huɗu abin da ke zuwa ba zato. A 2014 aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten. Dubban mutane suka kwararo, bukatar ruwa da abinci da magani ta ƙaru fiye da yadda aka shirya. Na biyar, taron da aka yi ba da makiyaya ba domin sun tafi kiwo, ko ba da mata ba, alhali su ke ɗebo ruwa da itace.

Babu ɗaya cikin waɗannan da zai sa a fasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

AIKIN MUTUMIN ƘAUYE

Tsari ba na ma'aikata kaɗai ba ne. Ma'aikaci ya san takarda. Amma mai garka ne ya san inda ruwa ya kai a 2009. Makiyayi ne ya san rijiyar da ke ƙafewa da bazara. Mace ce ta san nisan da ake yi kafin a samu itace.

Wanda ya koyi karatu da rubutu yana da babban aiki a nan. Yana iya rubuta bukatun ƙauyensu kafin taro. Yana iya auna zurfin ruwan rijiya da igiya kowane wata, ya rubuta a littafi. Yana iya rubuta yawan buhunan albasar da suka fita, da waɗanda suka lalace saboda hanya. Yana iya zuwa ofishin komin ya tambayi abin da aka tsara wa yankinsu, ya dawo ya karanta wa jama'a. Maganar da ke da lissafi a rubuce ta fi maganar baki nauyi a gaban hukuma.

Kuma kafin ƙauye ya kai kukansa, ya kamata ya fara tuntuɓar ƙauyen da ke sama da shi da wanda ke ƙasa da shi a kan ƙorama ɗaya. Zumunta a ƙafa take.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A AJI

1. Daga ina ruwan rijiyar ƙauye yake zuwa? Waɗanne garuruwa ne ke sha daga ƙorama ɗaya da shi?

2. Wace kasuwa ake kai amfanin garka ko dabbobi? Komin nawa hanyar ta ratsa?

3. Wane aiki ne ƙauye zai iya shi kaɗai, wanne ne sai da maƙwabta?

4. In ƙorama ta taso da dare, wa zai sanar da mutanen da ke ƙasa?